Ruwa a Zauren Cin Abinci

Litinin, 1 ga Yuli, bayan La'asar

Yau ma Mami ta ƙi shiga zauren cin abinci.

Na same ta a barandar Gidan Itunu, gidan tsofaffi, kan kujerar roba, tuwon amala da miyar ewedu sun huce a gefenta, ƙuda na ta shawagi. Sauran tsofaffin suna ciki, suna ci suna gardama. Uwata ke nan, Iya Eleja, wadda ta tsufa tana sayar da kifi a bakin ruwan Epe, wadda in ta ɗaga murya masunta ke sauke farashi tun ba ta taya ba. Yau ga ta zaune ita kaɗai kamar ɗalibar da aka koro daga aji.

"Mami, ku tashi mu shiga."

"Da wane kwalekwalen?" in ji ta.

Na yi dariya don kada in yi wani abu daban.

Abin ya fara ne tun da aka gyara zauren. Otunba, babban attajirin garin nan, shi ne ya gyara, sadaka ga mahaifiyarsa, marigayiya Mama Ajike, wadda rumfarta ke jikin ta Mami a kasuwar kifi. An fasa tsohon daɓen siminti, an shimfiɗa farin tayil mai ƙyalli har cikin banɗakuna, an ja baƙin layi mai faɗi a bakin ƙofa don ado, aka rubuta sunan tsohuwar a tsakiya da ruwan zinare. Duk garin nan an san ta ƙare rayuwarta a ɗaki ɗaya cikin ƙaton gidansa, ko falo ba ta yarda ta fito, har ana cewa fushi take yi da shi. Yanzu da ba ta da bakin magana, ya kwantar da sunanta a ƙasa kowa ya taka.

Matiron mai kula da gidan, Misis Aroyewun, ta kira ni ofis. Mace ce mai tsabta da taushin murya, irin muryar da ake yi wa yaro allura da ita.

"Anti Muli, ba ni na faɗa ba, kwamiti ne. Mamanki ba ta shiga zaure, ba ta cin abin kirki. In aka matsa mata sai ta ɗage zani har gwiwa, ta ɗora silifas a ka, gaban kowa. Otunba zai zo buɗe zauren ranar Asabar ta ƙarshen wata, da manyan baƙi. In ba ta daidaita ba kafin nan, ɗakin baya za a mayar da ita."

Na san ɗakin baya. Daga waje ake kulle ƙofarsa, kuma mutanen ciki barci suke yi da rana tsaka, baki buɗe.

Na ce, "Ma, rediyo ake daidaitawa, ba uwar mutum ba."

Ta ce in yi haƙuri. A garin nan haƙuri ya fi tarwaɗa araha.

Da zan fita na yi kiciɓis da Baba Reluwe, tsohon direban jirgin ƙasa, yana ratsa tayil ɗin kamar agwagwa, sanda gaba, ɗuwawu baya. Shi ne abokin zaman Mami a teburi. Kullum ita ke ba shi kan kifinta, tana ba shi tana zaginsa. Farfesa yake ce mini, don ina aiki a ɗakin karatu na kwaleji.

"Farfesa! Kin ga madubin da aka kwantar mana? Jiya na duƙa na hango cikin hancina. Rabona da ganin wurin tun ina ango."

"Baba, ku riƙa takawa a hankali."

"Ni da na tuƙa jirgi daga Legas har Kano? Ke dai gaya wa budurwata ta dawo teburi, kan kifi ya yi mini nisa."

Talata, 2 ga Yuli, da yamma

Ba zan rubuta komai a kan yau ba.

Ruwa ake yi tun safe.

Alhamis, 4 ga Yuli, da hantsi

Ƙofar banɗakin maza na jingine da bango, a tsage gida biyu. Ciki take buɗewa. In mutum ya faɗi a bayanta, jikinsa ya zama sakata. Ban san wannan ba sai shekaranjiya. Ban kuma san gidan nan ba shi da gatari ba, sai an ruga maƙwabta.

Hular Baba Reluwe na nan rataye a ƙusa, a bakin ɗakinsa, shi kuwa yana asibiti, ba labari. Ba wanda ya taɓa ta.

Wani ɗan kwamiti ya zo, ya tsaya hannu a baya, ya ce ƙaddara ce. Na ce na yi imani da ƙaddara tun kafin ya fara aske gemu, amma ban taɓa ganin ta shiga kasuwa ta zaɓi tayil ba. Ya dubi Matiron, Matiron ta dubi silin.

Mami ta tambaye ni ina ɓarawon kifinta. Na ce ya yi tafiya. Ta ce, "A wannan ambaliyar?"

Jumma'a, 5 ga Yuli, bayan Magariba

Buroda Gbolahan ya kira daga Legas. Yayana ne, kuma rabonsa da ganin Mami tun Sallar bara, don haka shi ya fi kowa sanin abin da ya dace.

"Muli, na ji labarin bakinki. Kada ki ja mana Otunba. Mutum ya yi alheri, ke kina neman aibu?"

"Buroda, ka zo ka taka alherin da ƙafarka."

"Da ma ni ban so aka kai ta gidan nan ba. Mutane na magana."

"To zo ka ɗauke ta. Motarka na da kujerar baya."

Sai layin ya fara ba shi matsala. Layin Buroda na da ladabi, ya san lokacin da zai katse.

Ni a bene hawa na uku nake, da gwiwa ɗaya mai aiki. Na gama yi wa duniya bayanin wannan.

Lahadi, 7 ga Yuli, da azahar

Ma'aikata sun yanke hukunci cewa akwai wani abu a zauren, kuma Mami na ganinsa. Don kada a bar kowa a baya, an kawo Alfa, wato malami, an kawo Fasto. Alfa ya yi addu'a daga bakin ƙofa, mutum mai hankali. Fasto ya shiga tsakiya ya yayyafa ruwa kusurwa-kusurwa, har kan sunan Mama Ajike. Wato daɓen da yake zame mutane a bushe, an ƙara masa ruwa don neman tsari.

Ni na ɗauko tsumma na goge. Fasto ya ce ina goge albarka. Na ce albarkar da ke karya ƙugu gara a shanya ta.

Zanin Mami ya fara yi mata yawa. Ta ci rabin eko, kafar masara, ta ture sauran. Ba ta iya ci ita kaɗai ba, ba ta taɓa iyawa ba. A kasuwa ma sai ta tara mutane take buɗe kwano.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Na zauna a 'yar kujerar tsuguno a baranda ina yanke wa Mami farcen ƙafa. Gumi ya cika mini tabarau, na cire don in goge. Sai Mami ta dafa kaina ta juya shi wajen ƙofar zaure, kamar yadda take yi mini ina yarinya in tana so in ga abu.

"Muli, dubi igiyar nan. Yau ta yi ƙarfi."

Na duba, ba tabarau, daga ƙasa inda nake.

Ruwa ne.

Hasken taga ya kwanta a kan farin tayil yana rawa, don fankar sama na yanka shi. Ƙafafun tebura sun ninku biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar turakun da ake ɗaure kwalekwale. Baƙin layin bakin ƙofa kuwa rami ne sosai, irin zurfin da ke gab da gaɓa, inda ƙasa ke yankewa ba sallama.

"Can ne mai zurfin," in ji ta, tana nuna layin. "Nan ya ci ƙanen Ajike."

Sai na tuna. Da asuba, in kwalekwalen masunta suka tsaya nesa da gaɓa, matan kifi ba sa jira. Kowacce ta ɗage zani zuwa gwiwa, ta ɗora silifas a ka don kada ruwa ya tafi da su, ta kutsa. Wadda ta fara isa ita ke zaɓen manya. Mami ce ke fara isa. Da wannan ɗage zanin aka biya mini makaranta har na zama mai tabarau.

Makonni ana cewa uwata ta zubar da mutuncinta gaban baƙi. Ashe shirin aiki take yi. Kanta ya manta shekara, ya manta sunan jikokinta, amma bai manta yadda ake shiga ruwa ba. Abin da idonta ya ba ta, da shi ta yi hukunci, kuma hukuncin daidai ne.

Na mayar da tabarau, ruwan ya koma tayil. Na sake cirewa, ya dawo. Na yi ta yi kamar yarinya da sabon abin wasa, ina kuka, Mami na cewa in gama farcen tukuna.

Alhamis, 11 ga Yuli, da rana

Yau ban yi wa kwaleji aikin sisi ba. Na kwaso duk abin da muke da shi a kan ginin asibitoci da gidajen tsofaffi, na baje a teburi.

Ashe an sani. An daɗe da sani. Masu gini sun rubuta cewa tsohon ido, musamman in tunani ya fara yin nisa, yana ganin daɓe mai ƙyalli kamar jiƙaƙƙe, yana ganin baƙin zane a ƙasa kamar rami. Daɓen gidan tsofaffi ya zama mai kaushi, marar sheƙi, launi ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. Littattafan nan suna kan kantar da nake wucewa kullum, ni na manna musu lamba da hannuna.

Shafi na gaba a kan ƙofar banɗaki ne, cewa waje ya kamata ta riƙa buɗewa, saboda in wani ya

Na rufe littafin a nan. Na je na wanke fuska.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Na zo da doguwar tabarma daga gida, na shimfiɗa ta daga baranda, ta haye baƙin layin, har gindin teburi.

Mami ta dube ta, ta dube ni. "Wa ya sa gada?"

"Gwamnati, Mami."

"Ƙarya kike. Ta yi kyau da yawa."

Ta miƙe. Ta taka. Ta haye, silifas a ƙafa, zani a sauke, kai a sama kamar mai zuwa karɓar bashi. Tsofaffin suka ɗauki tafi, wata cikinsu, Mama Ekiti, ta rangaɗa guɗa da haƙoranta biyu. Mami ta zauna a kujerarta, ta cinye amala tas, ta nemi ƙari. Kan kifin ta ajiye a gefen faranti, ba ta ci ba.

Na dawo gida ina waƙa a cikin mota har kwandasta ya tambaye ni ko an biya fansho.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan La'asar

An naɗe tabarmar.

Na shiga ofis da wuta a bakina. Matiron ta bar ni na ƙone, sannan ta ce, "Anti Muli, jiya tabarmarki ta zame a ƙarƙashin sandar Mama Ekiti. Ni na tare ta da ƙirjina. Tabarma kan tayil tarko ce."

Gaskiyarta. Ba abin da na tsana kamar mutum ya yi gaskiya ina tsakiyar fushi da shi.

Na zauna na gaya mata komai, ruwan, ramin, littattafan. Na sa ta cire nata tabarau ta tsuguna a baranda. Ta daɗe a tsugune. Da ta tashi sai ta ce, "Yesu."

"To ki gaya wa kwamiti."

"Tun ranar da aka sauke kwalayen tayil ɗin na ce musu ya yi santsi. Suka ce in je in gaya wa Otunba da bakina cewa sadakar uwarsa ba ta yi ba. Ke za ki iya? Mutum ya kawo kyauta, ka durƙusa ka karɓa, ka yi godiya yau, ka koma gobe ka yi godiyar jiya. Haka aka haife mu."

"Ni zan iya."

Ta dube ni da wani abu mai kama da tausayi. Ta ce an riga an share gado a ɗakin baya.

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

Mami ta koma baranda. Ta ce ruwa ya tafi da gadar, da ma ta san aikin gwamnati.

Jumma'a, 19 ga Yuli, bayan Azahar

Na je gidan Otunba. An ce yana Legas. Na ce zan jira. An ce daga Legas zai wuce Abuja. Na ce ina da littafi a jaka. Aka ba ni kujera a bakin falo da lemo mai sanyi, irin karramawar da ake yi wa wanda ba za a gani ba.

Ƙofar falon a buɗe take. Farin tayil ne, shi ɗin dai, daga bango zuwa bango, yana sheƙi. Baƙin layi a bakin kowace ƙofa. Can ƙarshe akwai wani ɗaki a rufe, da hoton tsohuwar a samansa.

Wani tunani ya zo mini a wurin, na kore shi. Ban shirya jin tausayin mutumin nan ba. Fushina nake buƙata, shi kaɗai ne makamina.

Ban sha lemon ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, da hantsi

'Yar Baba Reluwe ta zo ta ɗauki rediyonsa da hular. Daga nesa na hango ta tana fita, ban iya ɗaga ƙafa na bi ta ba.

Ƙusar kawai ta rage.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Shi ya aiko a ɗauko masa! Ya ce rediyon asibiti wa'azi kawai yake kamawa, kuma kansa na jin sanyi. An sa masa ƙarfe a ƙugu. Ya ce a gaya wa Farfesa yanzu shi da jirgin ƙasa sun zama dangi, a kuma gaya wa Iya Eleja kada ta kuskura ta ba wani kan kifinsa.

Na tsaya a ofishin Matiron ina dariya, hawaye na zuba, ita ma haka. Mu biyu kamar mahaukata. In kwamiti ya gan mu, ɗakin baya zai yi mana kaɗan.

Jumma'a, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Na shirya abin da zan faɗa wa Otunba gobe. Na karanta wa madubi, madubin ma ya ji kunya. Ba zan durƙusa ba.

An ce a rufe Mami a ɗakinta har baƙi su watse, jibi kuma a mayar da ita baya.

Asabar, 27 ga Yuli, da yamma

Bari in bi shi daki-daki, don kaina bai gama zama ba.

Rumfuna, makaɗa, mata cikin anko, ɗaurin kai kamar za su tashi sama. An jera tsofaffi a zaure tun safe, an sa musu sababbin kaya, an ce kada kowa ya motsa. Da na iso sai na ga Mami a baranda, kan kujerarta, daidai ƙofar zaure. Na dubi Matiron.

"Makullin ɗakin ya ɓace mini," in ji ta, tana kallon gabanta. Ina jin ƙararsa a aljihunta.

Otunba ya shigo ta babbar ƙofa. Ban taɓa ganinsa kusa ba. Gajere ne, ya fi hotunansa tsufa, babbar rigarsa ta isa a yi wa mutum uku. Aka yanka kirtani, aka yi jawabai, ɗan kwamitin nan na ƙaddara ya ce ko a Turai ba a samun irin wannan daɓe. A nan kaɗai na yarda da shi. Na matso, na buɗe baki.

Sai Otunba ya hango baranda.

"Kai! Wannan ba Iya Eleja ba ce? Ƙawar Mama?"

Duk abin da zan faɗa a kansa, ba zan ce ba shi da tarbiyya ba. Ya taho da sauri, ya tattare riga, ya zube rubda ciki gabanta kamar yadda ɗa namiji ke gaida sa'ar uwarsa, ƙirji a ƙasa, haɓa a ƙasa. Daidai kan baƙin layin.

Ihun da Mami ta yi, makaɗa sai da suka tsaya.

"Ɗan Ajike! Ku kama shi! Zai nutse!"

Kafin in juya ta miƙe. Silifas a ka, zani a gwiwa. Matar da ta yi wata guda ba ta yarda ɗan yatsanta ya taɓa tayil ɗin nan ba, ta kutsa cikin mai zurfin, ta cafki wuyan rigar Otunba da hannu biyu tana ja. Ƙafarta ta zame. Na ga ta zame. Ban san yadda na isa ba, na dai ji ni a ƙasa, gwiwata mai ciwo ta daki tayil, ƙugunta na cikin hannuwana. Ga ni a durƙushe gaban Otunba, bayan duk rantsuwar da na yi wa madubi.

"Ja shi, Muli! Uwarsa ba ta da wani!"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye. 'Yan kwamiti suka yo kanmu suna ba da haƙuri, suna cewa ba ta da lafiya, yanzu za a ɗauke ta. Otunba ya ɗaga musu hannu. Bai tashi ba, zama ya yi a ƙasa, hularsa ta karkace. Ba fuskar Mami yake kallo ba. Silifas ɗin kanta yake kallo.

"Me take gani?" Ni ya tambaya.

Jawabina na cikin jaka, shafi huɗu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ruwa, ranka ya daɗe. Ƙyallin nan ruwa ne a idonta. Baƙin layin kuma rami."

Ya dubi baƙin layin da yake zaune a kai.

"Haka Mama ta riƙa yi," in ji shi, a hankali, kamar ba da mu yake ba. "A ƙofar ɗakinta. Takalmi a ka. In na miƙa mata hannu sai ta yi ta kuka tana cewa in koma, in koma." Ya shafa tayil ɗin da tafin hannu. "Na zaci gidana ne ba ta so. Na zaci ni ne."

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Ni da na zo da wuƙa a baki, sai na ji ina cewa, "Tsoro take ji muku, Baba. Kamar wannan."

Mami ba ta saki rigar ba. "Ba ka iya ruwa ba, me ya kai ka? Tun kana yaro haka kake, kai kamar tulu."

Ya yi wata dariya da ba dariya ba ce. Ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, gaban baƙinsa da masu ɗaukar hoto. Ya ɗora takalman a kan hularsa, ya dafe da hannu ɗaya, ya ba ta ɗayan.

"Iya, ku fitar da ni."

Shi a dama, ni a hagu ina ɗingishi, ita a tsakiya tana ba da umarni, muka ratsa zauren taku ɗaya-ɗaya, muka zagaye sunan Mama Ajike, har teburi. Ta zaunar da shi a kujerar Baba Reluwe, ta ce aro ne.

Can ya kira shugaban kwamiti ya ce a rufe daɓen da abin da ba ya ƙyalli, sunan kuma a mayar da shi bango. Ya tambayi me ya sa ba wanda ya gaya masa.  Sai muryar allurar nan ta Matiron ta fito daga bayana: "Baba, tunda ana magana, akwai kuma ƙofofin banɗaki." Matar nan ashe ta fi ni iya farauta.

Gwiwata ta kumbura kamar gwanda. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Shafi huɗu, kuma wallahi sun yi kyau.

Alhamis, 1 ga Agusta, da rana

Ba ma'aikaci, ba siminti, ba komai. An ɗaga maganar ɗakin baya, amma ɗagawa ba sokewa ba ce. Ban jefar da jawabin ba.

Buroda ya kira, ya ce ya ga hoto, da ma shi ya san Otunba mutumin kirki ne. Wannan karon layina ne ya samu matsala.

Talata, 6 ga Agusta, da safe

Magina sun zo. Ƙura ko'ina, ana cin abinci a baranda gaba ɗaya, Mami na tsakiya tana raba wa mutane wurin zama. Kafinta na juya ƙofofi. Na sa shi ya buɗe ta maza ya rufe, ya buɗe ya rufe, har ya tambaye ni ko lafiya.

Jumma'a, 16 ga Agusta, bayan La'asar

Sabon daɓen launin ƙasa ne, mai kaushi, ba ya ɗaukar ido. Mummuna ne ƙwarai. Ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba.

An ba wa gadon ɗakin baya wani aiki, Matiron ta ce an tara barguna a kai. Akwai mutane a ɗakin har yanzu, da ƙofar da ake kullewa daga waje. Na tambaye ta wane irin daɓe ne a ciki, da me suke gani in sun farka. Ta ce, "Anti Muli, ki bar ni in huta mako ɗaya." Na ba ta zuwa Litinin.

Da azahar aka turo Baba Reluwe a keke, ya rame, hula a ka, rediyo a cinya.

"Farfesa! An ce kin durƙusa wa Otunba."

"Zamewa na yi, Baba."

"Haka ni ma na ce musu."

Mami ta tsaya a bakin ƙofar zaure. Na tsaya a bayanta, ban taɓa ta ba. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta kai hannu ga zani, ta fasa. Sai ta shiga, silifas na ƙara a ƙafarta, ta wuce kai tsaye ta zauna, ta cire kan kifi ta jefa a farantin Baba Reluwe.

"Ci, ɓarawo," in ji ta. "Ka ci a hankali. Ruwa ya janye, bana kifi zai yi wuya."